Shin man ƙamshi na tsirrai yana maganin ciwon daji? Amsa ga wani ɗan'uwa daga Mile 12

"Assalamu alaikum Malama. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, albasa nake saukewa. Wata huɗu ke nan da aka tabbatar mana maiɗakina tana da sankarar mama. An yi mata kemo sau biyu, ta galabaita, gashinta ya zube, kuɗin ma ya fara fin ƙarfina. Wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp ana cewa masana a Turai sun gano man lubban da man habbatus sauda da man kanumfari suna kashe ƙwayoyin kansa, kuma akwai mai sayarwa a Agege. Ita ma ta ce ta gaji da asibiti. Shin gaskiya ne? Za mu iya ajiye kemo mu koma wannan man?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da tsayuwar da ka yi mata. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma na daɗe a sashen masu ciwon daji a nan Legas, inda nake haɗa ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, da hannuna. Tambayarka biyu ce a cikin ɗaya. Ta farko: da gaske ne masana sun ga waɗannan mayuka suna kashe ƙwayoyin kansa? E, sun gani. Ta biyu: ko hakan na nufin za su warkar da matarka idan ta bar kemo? A'a. Har yau babu man ƙamshi ko ɗaya da aka nuna, ta hanyar gwaji mai inganci a kan mutane, cewa yana warkar da sankarar mama. Ina roƙonka kada ku fasa zuwa kemo na uku. Amma ba na son ka karɓi maganata don kawai na ce, bari in nuna maka inda bidiyon ya faɗi gaskiya da inda ya yanke ta a tsakiya.

Mene ne wannan man tukuna?

Ba irin man gyaɗa ko manja ba ne da ake matsewa. Ana zuba ganye ko fure ko ɓawo ko ƙaro a tukunya, a tura tururi ya ratsa shi, tururin ya kwaso sinadaran ƙamshi masu saurin tashi, a sanyaya shi, sai man ya rabu da ruwa a kwashe. Buhun ganye guda kan ba da ɗan abin da bai cika ƙaramar kwalba ba. Shi ya sa yake da tsada, shi ya sa kuma yake da ƙarfin da mutane ba sa zato. Ɗigo ɗaya na man kanumfari ba daidai yake da kanumfarin da ake jefawa a kunu ko yaji ba, ko kusa.

A cikin kowane irin man nan akwai sinadarai da dama. Na ɓawon lemo mafi yawansa limonen ne. Na kanumfari yujinol ne, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. A habbatus sauda wanda aka fi bincike a kansa shi ne taimokwinon. Sai dai a nan akwai abin lura: man habba da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci na Agege da Idi-Araba da Obalende yawanci matsattse ne, sinadarin da ake magana a kansa kaɗan ne a ciki, kuma yawansa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba.

Abin da ya faru a ɗakin bincike

Ga yadda ake irin gwajin da bidiyon ke nufi. Ana rainon ƙwayoyin kansa a ɗan faranti na roba, a ɗiga musu man, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ko uku a ƙirga nawa suka mutu. Sau da yawa suna mutuwa da yawa. An ga wasu sinadaran suna tilasta wa ƙwayar ta kashe kanta, wasu suna hana ta rabuwa, wasu suna fasa fatar da ta lulluɓe ta. An kuma gwada a jikin ɓeraye an ga ƙari ya rage girma. Wannan duk gaskiya ne, kuma aikin kimiyya ne mai kyau. Ni kaina ina murna idan na ga ɗalibanmu a jami'o'i suna gwada tsirran ƙasarmu ta wannan hanya.

To amma faranti ba jikin mutum ba ne. A faranti, ƙwayar tana kwance tsirara, man yana zaune a kanta dare da rana, babu abin da ke shiga tsakani. Ko gishiri ka zuba mata da yawa za ta mutu, ko ruwan bilic. Ba wanda zai ce bilic maganin kansa ne. Tambayar da ke raba magani da guba ita ce: zai kashe ƙwayar ciwon ya bar masu lafiya? Kuma zai iya isa wurin ƙarin da ƙarfinsa?

Kai ɗan kasuwa ne, ka san tafiyar kaya. Idan aka loda albasa daga Aliero ko Sakkwato, ba abin da aka loda ke isowa Mile 12 daidai ba: zafi ya ci nasa, ruɓa ta ci nata, hanya ta ci nata. Haka abin da aka haɗiya yake, sai dai asarar ta fi haka nesa. Ciki zai taɓa shi, hanji ya tsotsi wani ya bar wani, hanta ta farfasa mafi yawansa kafin ya zagaya jiki, sauran ya tsarwatsu a cikin jini kusan lita 5, ƙoda ta fitar da shi da fitsari, wani ma ya fita ta numfashi. Abin da zai isa cikin ƙarin da ke mama ɗan mitsitsi ne. Idan ka ce bari a ƙara yawan abin da ake sha don ya isa, sai hanta da ciki su fara lalacewa kafin ƙarin ya ji komai. A wannan gaɓar ce mafi yawan sinadarai ke faɗuwa. Ko waɗanda suka yi kyau har aka kai su matakin gwaji a kan mutane, fiye da kashi 90 cikin 100 na magungunan kansa ba sa kaiwa ga amincewa.

An gwada su a kan mutane?

An gwada wasu, kuma ya kamata ka san sakamakon, domin bidiyon ba zai gaya maka ba. A shekarar 1998 aka wallafa gwajin limonen da aka yi a Ingila a kan masu ciwon daji da ya yi nisa. An ba su shi giram-giram a kullum, ba ɗigo-ɗigo ba, har sai da tashin zuciya da amai da gudawa suka hana a ƙara. Mace ɗaya mai sankarar mama ƙarinta ya ragu na wani lokaci. Wannan ya sa aka ƙara ɗaukar wasu mata masu irin ciwon aka gwada, ba a samu ko ɗaya da ƙarinta ya ragu ba.

Akwai wani ɗan'uwansa mai suna ferilil alkohol, da ake samu a man labanda da na'ana'a da wasu tsirrai. A jikin ɓeraye ya yi abin mamaki. Da aka ba mutane su sha a Amurka, sai ciwon ciki da tashin zuciya suka yi yawa, amfanin kuma bai bayyana ba. Daga baya likitoci a Brazil suka gwada shaƙa shi ta hanci ga masu kansar ƙwaƙwalwa, kuma ana ci gaba da bin wannan hanya a matsayin bincike. A Sin kuwa, tun shekarun 1990 suke da allurar elemen, wanda aka ciro daga man wani tsiro ɗan gidan su kurkur, suna haɗa shi da kemo. Shi ma tataccen sinadari ɗaya ne da aka auna, ana ba da shi a asibiti, kuma hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da shi ba tukuna.

Maganar lubban ta fi ba ni takaici, domin a kansa aka fi yaudarar mutanenmu. Lubban ƙaro ne na bishiyoyin da suke dangi ɗaya da hano ko ararrabi da muke da shi a Arewa. Sinadaran da aka fi bincike a kansu a cikin ƙaron masu nauyi ne, ba sa bin tururi, don haka kusan babu su a cikin man ƙamshin da ake tatsa. Wato ana karanto maka binciken abu ɗaya, a sayar maka da wani abu daban. A 2011 an wallafa wani ƙaramin gwaji daga Jamus inda aka ba masu ƙari a ƙwaƙwalwa da ake yi wa gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ƙwayoyin maganin da aka haɗa daga ƙaron, aka ga kumburin da ke kewaye da ƙarin ya ragu. Rage kumburi abu ne mai amfani, amma ba shi ne warkar da kansa ba, kuma ba da man aka yi shi ba.

Ba raina tsirrai nake yi ba

Wasu kan ɗauka mu ma'aikatan asibiti muna ƙyamar duk abin da ya fito daga itace. Malam, wani ɓangare na ruwan da nake haɗawa kullum daga itace ya fito. Binkristin, wanda ya ceci dubban yara masu kansar jini, daga wani ɗan fure aka samo shi, ɗan asalin Madagaska, irin wanda za ka gani an shuka a gaban gidaje a nan Legas, mai fure ja-ja ko fari. An amince da shi a Amurka a 1963. Faklitaksel, wanda aka fi sani da Taxol, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka ya fito. An ɗebo ɓawon a 1962, aka gano siffar sinadarin a 1971, amma sai 1992 aka amince a fara ba marasa lafiya. Shekara 30. Yana daga cikin magungunan da ake yawan ba masu sankarar mama, ƙila ma yana cikin tsarin da aka rubuta wa maiɗakinka. Duba takardarta ka gani.

Me aka yi a shekarun nan 30? An ware sinadarin shi kaɗai, an auna adadin da ke kashe ciwo bai kashe mai ciwo ba, an gwada a kan dubban mutane aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Wanda ya tsinko furen nan ya dafa ya sha ba zai warke ba, guba zai sha. Wata rana wani sinadari daga habba ko kanumfari zai iya bin wannan doguwar hanya ya fito, ina fatan hakan. Amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai, kuma har yanzu ba ta yi ba.

Na san abin da ke zuciyar mutane da yawa game da habbatus sauda, domin yana zuciyata ni ma. Hadisin da ya ambaci waraka a cikinta ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ni ba malamar hadisi ba ce da zan yi masa sharhi. Abin da na sani shi ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ban taɓa ganin inda aka ce wanda ya ci habba ya bar likita ba. Ta ci habbarta a abinci, ta sha zumarta, a yi mata addu'a da tofi, ta kuma je kemo. Wanda ya ce maka sai dai ka zaɓi ɗaya, ka tambayi kanka me yake sayarwa.

Haɗarin da ke cikin kwalbar, da wanda ya fi shi

Waɗannan mayuka suna iya cutarwa idan aka sha su. Man kanumfari ya lalata hantar yara ƙanana da suka kurɓi abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Man bishiyar turare da kafur suna jawo jijjiga da suma. Akwai ma sinadarin ƙamshi mai suna safrol da aka hana sa shi a abinci a Amurka tun 1960 saboda ya haddasa kansar hanta a jikin ɓeraye. Ka ga ke nan fitowa daga tsiro ba shaidar aminci ba ce. Mai shan kemo kuwa hantarta tana cikin aiki mai nauyi. Kafin kowane zagaye ana gwada jininta da hantarta da ƙodarta, idan sakamakon ya ɓaci sai a ɗaga ranar. Na sha ganin an ɗaga wa mace kemo saboda hanta ta tashi, sai da muka zauna da ita cikin lalama ta fito da kwalabe daga jaka.

Akwai kuma wani abu da ya shafi sankarar mama kai tsaye. Wasu nau'o'inta sinadarin mata na estirojin ne ke ciyar da su. A 2007 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara maza da nono ya fito musu bayan an daɗe ana shafa musu kayan da ke da man labanda da man ti-tiri, ya kuma koma da aka daina. Ana ta muhawara a kan ƙarfin wannan hujja, amma ni dai ina ba masu irin wannan nau'in shawara kada su mayar da waɗannan biyun man shafawa na kullum.

Duk wannan ƙarami ne a kan asarar lokaci. A 2018 masu bincike daga jami'ar Yale sun bi bayanan marasa lafiya a Amurka waɗanda ciwonsu bai bazu ba, suka kwatanta waɗanda suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai da waɗanda suka bi na asibiti. Haɗarin mutuwa ya ninka sau biyu da rabi ga na farkon, a masu sankarar mama kuwa ya ninka fiye da sau biyar. Ban buƙaci Yale ta gaya min ba. Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa, mai sayar da abinci, 'ya'yanta huɗu. Ta yi kemo uku, ƙarin ya yi laushi ya ragu, likita har ya fara maganar ranar tiyata. Sai ta ɓace. Bayan wata takwas aka kawo ta a kwance, maman ya fashe yana wari, ciwon ya shiga ƙashin baya. Mayukan da ta saya a wannan tsakani sun ci kuɗin da zai biya ragowar kemon har da canji. Ba wauta ce ta kai ta ba, gajiya ce da tsoro da talauci, sai kuma wani ya yi mata alkawarin da mu ba za mu iya yi mata ba. Allah ya jiƙanta.

Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta nuna kusan mutum 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma sankarar mama ce kan gaba. Babban dalilin yawan mutuwar shi ne zuwa a makare da kuma yankewa a tsakiyar magani. Matarka dai ta riga ta shiga hannun likitoci, saura kada a yanke.

Inda man zai yi mata amfani

Yana da wurinsa, kuma ba na raina shi. Ƙamshi da tausa suna kwantar da hankali. A wani babban gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2007, masu ciwon daji da aka yi wa tausa da man ƙamshi sun samu sauƙin damuwa na 'yan makonni, ko da yake bambancin ya shuɗe daga baya. Sauƙin 'yan makonni ga mai shan kemo ba ƙaramin abu ba ne. Wasu matan suna jin daɗin shaƙar na'ana'a ko citta ko ɓawon lemo idan zuciya na tashi. Wasu kuma kemo kan sa su tsani duk wani ƙamshi, har turaren wuta da humra da suka saba da su. A bi abin da hancinta ya karɓa.

Idan za a yi, a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu a hankici ta shaƙa. Idan tausa ce, ɗigo ɗaya a cikin ƙaramin cokalin man zaitun ko man kwakwa, a fara gwadawa a ɗan wuri a hannu, a jira kwana ɗaya. A tausa ƙafa da tafin hannu da kafaɗa a hankali. Kada a sha. Kada a shafa a kan ƙarin, ko a kan miki, ko wurin da aka yi tiyata, ko fatar da ake yi wa gashi. Idan akwai miki mai wari, akwai abin da ma'aikatan jinya ke sawa ya kashe warin, a tambaye su. A ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba. Habba kuma a tsaya a gwargwadon abinci, a gaya wa likita, musamman idan tiyata ta matso ko tana shan maganin suga ko na hawan jini.

Game da mai sayarwa na Agege, ko da ka ga lambar NAFDAC a kwalbar, ka sani lambar da ake ba magungunan gargajiya a matakin farko tana nufin an duba ba su da illa ta kusa ne, ba wai an tabbatar suna warkarwa ba. Kuma doka ba ta yarda a tallata su a matsayin maganin kansa ba.

Gajiyarta da aljihunka

Ina jin asalin matsalar tana nan, ba a cikin kwalba ba. Galabaitar da ta yi ana iya rage ta sosai. Akwai magungunan hana amai masu ƙarfi da ake bayarwa kafin kemo da bayansa, idan wanda aka ba ta bai yi ba akwai wani. Ana iya daidaita adadin maganin, ana iya ƙara mata jini ko ba ta allurar da ke tayar da ƙwayoyin garkuwa. Amma sai an faɗa. Matanmu suna da kunya da kawaici, likita zai tambaya ta ce da sauƙi alhali kwana uku ba ta ci abinci ba, wani lokaci kuma Turanci ko Yarabancin ne ke hana ta. Ka shiga da ita, ko a samu 'yar'uwa mai jin harshen ta raka ta. Gashin kai yana dawowa bayan an gama, ka riƙa tuna mata. Idan zazzaɓi ya kama ta tsakanin zagaye biyu, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne, kada a jira gari ya waye.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka ji nauyin faɗa wa likitan ƙarara cewa abin ya fi ƙarfinka. Sau da yawa akwai magani iri ɗaya na wani kamfani mai rahusa. Manyan asibitocin gwamnati kamar LUTH a Idi-Araba, inda aka buɗe cibiyar kansa a 2019, da LASUTH a Ikeja suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ka neme shi. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi da ya fara aiki a 2021, sankarar mama tana cikin waɗanda ya ƙunsa, akwai kuma shirin sayar da wasu magungunan kemo a farashi mai sauƙi a wasu asibitoci. Ka tambayi ofishin ko asibitinku yana ciki da yadda ake shiga. Sannan ga ƙungiyarku ta 'yan albasa, ga masallaci, ga fadar Sarkin Hausawa. Na ga an haɗa wa mutane kuɗin kemo a Juma'a ɗaya.

Ban ga maiɗakinka ba, ban ga takardar gwajin tsokarta ba, don haka ba zan ce maka ga matakin ciwonta ko ga yadda zai ƙare ba, wannan na likitanta ne bayan ikon Allah. Idan kun je zagaye na uku, ka tambaye shi abu uku: wane mataki ciwon yake, wane nau'i ne gwajin ya nuna, kuma zagaye nawa suka rage kafin tiyata. Ka tafi da duk kwalba da ƙullin da ke gidan, har wanda surukarka ta aiko daga gida, ka ajiye su a gaban mai harhaɗa maganin ya duba su ɗaya bayan ɗaya.